Mai Rediyo da Babur ɗin Yayansa

Babanmu mai gyaran rediyo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a tsaye. Tun ina ƙarama nake kai masa abincin rana, in tarar da shi ya sunkuya a kan tebur, tabarau a ƙarshen hanci, ƙarfen dalma na hayaƙi a hannunsa. Duk layin babu mai kiran sa da wani suna sai Mai Rediyo. Ba ya son surutu yana aiki. Yakan kara kunne a jikin akwati ya saurari ɗan shuuu ɗin da take yi, ya gaya wa mai ita inda ciwon yake tun bai kwance ko noti ɗaya ba.

Da wayar hannu ta cika gari, aiki ya fara ja da baya. Wanda rediyonsa ta lalace sai ya jefar, ba ya ko tunanin gyara. Baba ya yi ta buɗe shago yana share ƙura yana rufewa, har ranar da ya kwaso kayan aikinsa a kwali ya dawo gida. Bai yi ƙorafi ba, amma mun ga abin a jikinsa. Ya koma zama a ƙofar ɗaki, in an yi masa magana ya ce to, in ba a yi ba ya yi ta kallon bango.

Ana nan sai rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo. Muna fitar da tarkace, ni da Umma, muka yaye wani tsohon tamfol, sai ga babur ɗin Baffa. Baffa yayan Baba ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya kai shi koyon sana'a. Allurar dabbobi yake yi, a kan wannan babur ɗin ya yi ta zagaya garken mutane har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa shi. Tayoyin sun kwanta, tsatsa ta ci tankin, sirdin ya fashe soso ya fito waje.

Umma ta ce, "Malam, gobe in mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layin nan a ba shi, mu samu wurin ajiye buhuna."

Baba ya tsugunna, ya sa hannu ya shafa tankin. Sai ya ce, "Auta, ɗauko min kwalin nan nawa."

Baba bai san inji ba, shi ma bai ɓoye ba. Sai ya aika aka kira masa Dogo, abokinsa tun na ƙuruciya, tsohon bakanike ne da ya bar wa 'ya'yansa gareji. Dogo ya zagaya babur ɗin, ya buga taya da ƙafa, ya ce, "Wannan ai sai dai a yi masa addu'a."

"Kai dai kama min nan," in ji Baba.

Haka tsakar gidanmu ta koma gareji. Suka sauke injin a kan buhu, suka jiƙa notuna da kananzir, Dogo ya kwance kafireta ya wanke ta ƙwaya-ƙwaya yana mita. Fiston ya kame a ciki, suka yi ta ɗiga masa mai suna lallashi har ya yarda ya motsa. Tankin kuwa, Baba ya zuba masa tsakuwa da kananzir, kowa ya shigo gidan sai ya girgiza kafin ya zauna, har baƙi ba su tsira ba. Umma ta rasa kwanon wanke-wankenta guda, daga baya ta gan shi cike da baƙin mai. Faɗan da ta yi ranar har maƙwabta sun ji, amma ita ce ta ɗinka wa sirdin sabuwar riga da kekenta.

Da aka zo kan wayoyi, Dogo ya ɗaga hannu. Ɓeraye sun cinye su tas, abin da ya rage guntaye ne masu launin ƙasa, ba a gane wacce ta tafi ina. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa shiri da wuta ba, a nemo mai wayarin.

Baba ya gyara zaman tabaraunsa. "Ka je ka huta. Nan kuma gonata ce."

Ban taɓa ganin sa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Ya zaro wayoyi daga tsofaffin rediyo da talabijin, ya bi kowace hanya da mitarsa ta awon wuta: daga batir zuwa makulli, daga makulli zuwa kwayil, zuwa fitilar gaba, zuwa ta baya, zuwa hon. Duk inda ya haɗa sai ya liƙe da dalma, ya naɗe tsaf, ya sa fiyus a inda can da babu. Launukan wayar ba su ishe shi ba, sai ya ari zaren ɗinkin Umma yana ɗaura wa kowace alama. Yana aiki yana 'yar waƙa a maƙoshi, abin da muka daɗe ba mu ji ba.

Ranar gwajin wuta ya tara mu duka. Ya murɗa makulli, fitilar gaba ta kawo, muka yi tafi. Ya danna hon, shiru, sai fitilar baya ce ta yi ja. Ya taka burki, hon ya tsala ihu har kaji suka watse. Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Malam, ai wannan ma dabara ce. Duk wanda za ka buge zai ji ka tun kana tsayawa."

Baba bai ji haushi ba. Ya bi zaren, ya gano inda ya sauya biyu, ya gyara. Sannan ya cire fulogi ya miƙa wa Dogo ya ce ya kara a jikin inji su ga ko akwai wuta. Dogo ya riƙe ta wurin da bai kamata ba. Baba ya taka kik, ƙarfen tayar da inji, Dogo ya yi tsalle ya yar da fulogin yana yarfa hannu.

"Akwai wuta?" in ji Baba, fuskarsa ba ko murmushi.

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

Tayar da injin ne ya ba su wahala. Da safe aka zuba mai, Baba ya hau ya taka kik, injin ya yi tari ya mayar da ƙarfen da ƙarfi, ya doke shi a gwiwa. Ya kwana biyu yana ɗingishi, ni kuwa na ce a haƙura haka nan. Ya ce laifinsa ne, wutar tana zuwa da wuri, ya sake buɗe gefen injin ya daidaita ta. Da yake ƙafar ba ta iya kik, Dogo ya ce a tura.

Muka fito da shi layi. Baba a kan sirdi ya sa giya ta biyu ya riƙe kulochi, ni da Dogo da Umma a baya, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Muka tura har numfashina ya fara sarƙewa. Dogo ya yi ihu, "Saki!" Babur ɗin ya yi tirjiya, ya yi tari, ya saki baƙin hayaƙi a fuskarmu, sai kuma ya kama: dum, dum, dum, murya mai kauri irin wadda baburan yanzu ba su da ita. Ya kuɓuce mana daga hannu. Masu shaguna suka fito, tela ya bar kekensa yana ɗaga hannu. Baba ya kai ƙarshen layi ya juyo, bakinsa har kunne, idonsa ya cika da ruwa. Ya ce hayaƙi ne.

Bai kashe shi ba. Ya ce in hau, za mu gidan Inna, matar Baffa, wadda tsufa ya rage mata gani. Muna tsayawa a ƙofar gidan muka same ta ta riga ta fito, tana dafe da bango.

"Wa ya taso min da wannan?" in ji ta.

"Ni ne, Yaya."

Ta lalubo tankin, ta bar hannunta a kai yana girgiza tare da injin. Sannan ta share fuska ta ce, "Kana matsa masa mai da yawa. Yayanka a hankali yake bi da shi."

Baba ya sassauta hannu, injin ya kwantar da murya.

Yanzu ba a rasa babur biyu ko uku a ƙofar gidanmu, duk tsofaffi, masu su sun kawo a yi musu wayarin. 'Ya'yan Dogo ma in wuta ta gagare su a gareji nan suke turowa. Nasa kuwa an yi ta zuwa tayin saye, yakan ce wa mutum ya sha ruwa ya gaida gida. Kullum da safe sai ya goge shi kafin ya karya, kuma har yau bai yarda Dogo ya hau ba.