Tiyar Geron Yaya Saratu

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Saratu a nan Damagaram, kuma har yau ba na iya zama a kujerun gaba na majami'armu, domin a wurin aka tsayar da ita aka kira ta ɓarauniya.

Gwauruwa ce mai suyar ƙosai a bakin titi. Wata rana ta je gidan kaso gaida wani manomin Dakusa, abokin marigayi mijinta, wanda rikicin iyakar gona ya kai can. Ta tarar da mutanen ƙauye da dama waɗanda babu mai kawo masu ko ruwan fura, don danginsu na nesa. Da ta dawo sai ta auni tiya ɗaya daga geron da muke ci, ta surfe, ta kai niƙa, ta dama kunun tsamiya. Na ce mata, "Yaya, tiya ɗaya ina za ta kai a wannan taro?" Ta ce, "Hannatu, nawa miƙawa ne. Yawaitawa aikin Ubangiji ne, ba na shiga masa aiki."

Kowace Asabar haka. Na yi tsammanin za ta gaji, amma da yayyafi kogi kan cika. Maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama, musulma mai tsoron Allah, ta ɗauki nauyin tsamiya da sukari. Mai injin niƙa ya ce ba zai sake karɓar komai a kan wannan gero ba. Waɗanda aka sallama suka riƙa aiko dami daga Tirmini da Takaya in kaka ta yi. Da idona na ga tukunya ɗaya ta zama uku, ba tare da Yaya ta roƙi kowa ba.

Sai Ishaya, ƙanin mijinta, ya shigo. Ya yi lakwal, wato boko, bakinsa ya iya Faransanci. Ya ce aiki irin wannan sai da asosiyasiyon, wato ƙungiya, ya yi takardu, ya buɗe ofis da yake kira biro, ya naɗa kansa farzidan, shugaban ƙungiyar. Ya ɗauki hoton Yaya tana dama kunu ya aika wa masu taimako, buhunan gero suka fara zuwa. Abin mamaki, buhuna na ƙaruwa, kunu na tsinkewa. Yaya ta tambaye shi sau ɗaya, a tsakar gida, cikin ladabi. Lahadin da ta biyo, bayan sujada, ya miƙe gaban dattawa ya ce ita ce ke kwasar geron tana sayarwa a kasuwa. Ya kawo mutum biyu suka ba shi shaida. Dattawan da suka san ta tun tana amarya suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta ce komai ba sai, "Allah ya gani." Ta daina fita ko suyar ƙosai. Hawan jini ya kama ta, ba ta ga kaka ta gaba ba.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. Tun daga ranar nake roƙon Allah ya nuna mani faɗuwar Ishaya kafin in mutu. Fasto ya sha zaunar da ni a kan gafara, ina jin sa, ina cewa to. In na ga motar Ishaya ta wuce sai abinci ya fita raina. Da muka sake ɗora tukunya ni da Hajiya Mariyama, bayan shi ya daina kai ko cokali ɗaya gidan kaso, ba don ina da zuciyar Yaya na yi ba. Na yi ne don garin nan ya ga wa ke da aikin tun asali.

Alhaki kwikwiyo ne. Bara jandarmomi suka tare mota cike da buhunan taimako a hanyar iyaka, bincike ya biyo sawu har biron Ishaya. Ranar da aka yanke masa hukunci na rangaɗa guɗa a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Asabar ta farko bayan an kai shi gidan kason da muke kai kunu, na ɗaura zanena mafi kyau, na karɓi ludayi da kaina. Na yi niyyar in tsallake shi. Ya zo cikin layi, ya rame, kwano a hannu, kansa a ƙasa. Ya ce, "Hannatu, ina kwana." Na ce, "Ɗago ka dube ni. Wa ya saci geron?" Ya miƙo kwanon kawai. Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Zuba masa, mutane na jira. Tukunyar ba taki ba ce." Na zuba, na cika kwanon har baki, ina fatan ya ƙone masa maƙogwaro.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan rana. Na san ba za ta yi guɗa ba. Za ta tambaye shi ko yana da bargo. Za ta yi murna da matan unguwa, Kirista da Musulmi, da ke aiko tiya-tiya yanzu, wasunsu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ni kuma za ta harare ni, ta ce in je in wanke zuciyata kamar yadda nake wanke tukunya.

Abin da ya rage nata ke nan: ba ta bar gida ko gona ba, amma babu Asabar da wuta ba ta kamawa saboda ita, kuma har wanda ya kashe ta da baki yana ƙoshi daga hannunta. Ubangiji ya cika nasa. Nawa ne bai cika ba. Ina jiran ranar da Ishaya zai fito, ya tsaya a gaban dattawan nan, ya ce Saratu ba ta taɓa ɗaukar ƙwayar gero ba. Kafin nan zan ci gaba da zuba masa, kuma kowane mako sai na sake yi masa tambayar.