Bajimin Hedimasta da Makarantar Inna

Ranar wata Talata ce, kwana uku bayan saukar ruwan shuka, ina 'yar shekara tara, kakata Inna ta biyo ta makarantar bokon garinmu da ƙwaryar nono a ka. Ta leƙa ajinmu ta tarar babu kowa sai awaki biyu kwance ƙarƙashin allo. Ta bi sawunmu har bayan gari, ta iske mu a gonar hedimasta: manyan yara suna sara da sungumi, mu ƙanana muna biye da iri, muna zubawa muna rufewa da diddige. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ko sauke ƙwaryarta ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, rigar makaranta duk laka, ta ce, "Kulu, mi kika koyo yau?" Na ce shuka. Ta ce, "Shuka muna da ita gida. Wuce mu tafi." Na wuce gabanta, ina jin idanun yara a bayana, ban waiwaya ba.

Gidanmu yana bakin Ceberu, a ƙasar Gwandu. Mutanen shanu ne mu, amma kakanninmu sun daɗe da zama, ga garke ga gona. Da maigari ya ce kowane gida ya ba da ɗa guda a sa shi boko, Baba ya dubi yayyena maza ya ga kiwo ba zai yi ba sai da su, sai ya ba da ni. Wata huɗu na yi a wurin, kuma har yau ina iya lissafa abin da na yi. Na share fili da tsintsiyar da na zo da ita daga gida. Na cika randunan gidan malamai. Duk Litinin nakan kai itace. In an shiga aji, sai mu yi ta rera wasu kalmomin Turanci da ƙarfi, har muryarmu ta dushe, ba wanda ya taɓa gaya mana ma'anarsu. Malaminmu yakan iso da hantsi a kan kekensa, ya rubuta layi biyu a allo, ya miƙa wa babban cikinmu bulala ya fita. Ba na cewa duk makarantun duniya haka suke. Tamu nake faɗi, wadda na zauna cikinta.

Baba bai ji daɗin abin da Inna ta yi ba. Sunana yana cikin littafin hedimasta, kuma ya san za a kira shi gaban maigari a ce ya raina umarni. Amma wa zai ja da uwarsa? Sai ya je ya roƙi hedimasta a bar ni gida zuwa kaka, in an kai dawa rumbu a maido ni. Hedimasta ya yarda, ya ce ranar da aka gama girbi shi da kansa zai zo ya tafi da ni. Tun daga ranar nake duban dawar gonarmu da fargaba. Duk tsawon da ta ƙara, kwanakina wajen Inna ne suke raguwa.

Makarantar Inna ba ta da ƙararrawa. Kukan maruƙa a dangwali, wato igiyar da ake ɗaure su, shi ne ke tashe ni. Ta koya mini in saki ɗan maraƙi ya fara tsotso har nono ya sauko, sannan in janye shi in tatsa, in kuma bar masa rabonsa. Ta koya mini burga nono, da kaɗa gora har mai ya tashi, da wanke shi da ruwan sanyi a dunƙula. Shanunmu kowace da sunanta, kuma sai na faɗi uwarta da kakarta kafin Inna ta ba ni fura. In muka shiga garke da safe ba ta gaya mini komai, sai ta tsaya ta ce, "Duba tukuna, kan ki taɓa. Wace ce ba ta kwana lafiya ba?" In duba hanci ko ya bushe, in duba kunne ko ya faɗi, in duba kashi, in duba wadda ba ta tuƙa. In na kuskure ba ta duka, sai ta ce in sake zagayawa. A hanyar rafi ta nuna mini sabara da kalgo da marke, da abin da kowanne yake yi wa mutum da dabba. Bayan azahar Baffana, ɗan'uwan Baba, ya biya mini allo a zaure. Da la'asar in yi saƙar faifai, in kuma na gaji in fita carafke da gaɗa da 'yan matan unguwa, waɗanda duk na fi su kama tsakuwa, wannan ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Cikin daminar nan wata karsanarmu ta ci ɗanyen ganyen wake da raɓa, cikinta ya kumbura. Inna ta sa ni na kara kunne a gefen karsanar na hagu, ta sa na buga na ji yana amo kamar ganga, ta nuna mini maganin, ta sa na yi komai da hannuna har karsanar ta yi gyatsa ta samu kanta. Ta ce, "Wanga ciwo ba ya jiran a kira babba. Wanda ke kusa shi ne babba."

Aka yanke dawa. Sai ga wani ruwan ƙarshe ya sauko, gyauro ya tsiro daga kututturan kara, kore shar, mai taushi. Duk ɗan makiyayi ya san ba a barin saniya kusa da gyauron dawa. Saura kwana biyu hedimasta ya zo ɗaukata, da hantsin wata Alhamis, na ɗauki nono da man shanun Inna zan kai cikin gari, sai na hango taro a gonarsa. Ashe yana da wani farin bajimi da yake ji da shi, ya fitar da 'yan aji su yi masa kiwo. Su kuwa 'ya'yan cikin gari ne, da suka ga ɗanyen ganye sai suka ɗauka gata suka yi wa sa, suka sake shi ciki tun da raɓa. Na kutsa na gan shi tsaye ya ware ƙafafu, harshe waje, yawu na zuba, gefen hagu ya tashi har ya fi ƙashin baya tsawo. Mahauci ya riga ya iso yana wasa wuƙa, don kada san ya mutu mushe. Hedimasta na tsaye da hula a hannu.

Na sauke ƙwaryata na ce a dakata. Maza suka yi dariya, wani ya ce ɗiyar da ta gudu daga makaranta ce ta zo koyar da malamai. Na ce wa hedimasta, "Malam, a ba ni shi kaɗan. In bai yi gyatsa ba, ku yanka." Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya ɗaga wa mahauci hannu. Rana ta riga ta sassauta man, na tattara curin duka a ƙoƙo na dama shi har ya zama ruwa. Na sa maza biyu suka riƙe ƙaho, na hana su ɗaga kan da yawa don kada ya shaƙe, na riƙa ɗura masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan. Na karyo sandar sabara na gitta masa a baki, na kwance ɗankwalina na ɗaure ta bayan ƙahoni, don ya yi ta taunawa. Akwai wani suri a bakin gonar, na ce a ja shi ya ɗora ƙafafun gaba a kai. Hedimasta da kansa ya kama igiya, farar rigarsa duk yawun sa, ina cewa ja, yana ja, ina cewa tsaya, yana tsayawa. Na dunƙule hannu biyu na yi ta murza gefen hagu har kafaɗuna suka mutu. Can sai bajimin nan ya saki wata gyatsa kamar tsawa, da wari da ya kori rabin taron. Ya sake, ya kuma sakewa. Ciki ya fara saɓa. Mahauci ya mai da wuƙarsa kube yana cewa yarinyar nan ta hana gari cin nama.

Na koma gida ina tsoro, don na ƙarar da man Inna na kwana huɗu a cikin san wani. Ta saurare ni har ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi: ta ina na ɗura? Na ce ta gefen baki. Ta ce, "To," ta miƙo mini furata, ranar ba ta tambaye ni kakar kowace saniya ba.

Ran Asabar hedimasta ya zo kamar yadda ya alkawarta, amma da goro ya zo. Ina laɓe bayan zana na ji yana gaya wa Baba ya soke sunana daga littafi, maganar maigari kuma a bar masa. Ya ce inda nake ana koya mini abu, a bar ni can. Inna ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce, "Malam, a kuma maida ɗiyan mutane aji, a nemo wa sa makiyayi." Ya yi dariya ya ce ya ji, Inna. Ya kuwa yi hakan, ko da na ɗan lokaci ne.

Aure ya kai ni Dangoma, tsufa ya kawo ni Kalgo gidan ɗana, kuma duk inda na zauna ƙofata ake bugawa in dabba ta kwanta. Bara takwarata, ɗiyar ɗana, ta dawo daga makarantar gwamnati da tsintsiya a hannu, na yi mata tambayar Inna. Ta ce shara suka yi, malaminsu yana wani aji. Gini ya fi namu kyau, ga kwano ga fenti, amsar dai ita ce ta da. Na zaunar da uwarta, wadda ta yi karatu mai zurfi, muka raba aikin koyar da yarinyar: safiya ta uwar ce da littafi, hantsi nawa ne da awaki da ganyaye. Yarinyar ce ma take rubuta wannan ina faɗa. Burtalin da muke bi zuwa rafi ya zama gonaki, garkenmu ya watse, kuma ba zan ɓoye ba, nakan so a ce idona zai iya bin layukan nan da kansa. Amma in ta gama takan karanta mini, in ji muryar Inna tana fitowa daga bakin yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba. Inna ba ta san harafi ko ɗaya ba, ga ta yau a takarda.