An Rufe Ka a Wancan Ƙarshen Hanya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. A ranar Laraba, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin aikina, direban tirelar da duk gareji ke kira Ba-Gaggawa. Ya rasu a cikin kan motarsa, yana jiran 'yan dako su gama masa lodi. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, kansa na sarawa, bai sake tashi ba.

Ba-Gaggawa, ban saba rubutu ba, hannuna sitiyari ya sani. Amma tun ranar maganganu suka tsaya mini a ƙirji, kuma babu wanda zan faɗa wa sai kai.

Motoci biyu mai kamfaninmu yake da su a kan hanyar da ta haɗa manyan biranen nan biyu, taka da tawa. Tsarinsa kuwa shi ne in kana lodi a can, ni ina lodi a nan, sai mu taso mu yi kiciɓis a tsakiya. Saboda haka duk shekarun da muka yi, iyalanmu suna gari ɗaya, amma ni da kai da ƙyar gari ɗaya ya taɓa kwana da mu. Zumuncinmu a gefen titi muka yi shi, kusa da gada, a kan bencin mai shayi, injuna suna huci a bayanmu. Na san ɗakin baƙinka sarai, na san kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa, amma ban taɓa zama a ciki kana nan ba.

A bencin nan kake kirana Sarkin Mita, kuma ka yi gaskiya. In yi mitar ramuka, in yi ta masu shinge, in yi ta bayana da ya ƙi miƙewa, kai kuwa kana ta hura shayinka kamar an ba ka yini guda kyauta. Mun yi alkawari bana za mu ajiye makullai tare, mu samu tabarma ɗaya mu zauna, mu ga ko za mu iya jure wa juna in babu mota tana jira. Na gaji da hanyar nan, kai ma ka gaji, bambancin kawai ni nake faɗa.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Da tayata ta fashe cikin ruwan sama, ka kwance safayarka ka ba ni, ka ƙarasa sauran tafiyar babu ita, kana lallaɓawa. Da matata ta kwanta asibiti ina wancan birni, kai ka je da kayan aiki a jikinka ka tsaya a kan maganinta, ka kuma hana ta gaya mini sai da na iso. Komai ƙwarewar 'yan dako, sai ka hau ka sake jan igiyar tamfol da hannunka, kana cewa kayan mutane ne, kuma ruwa ba ya jin ban haƙuri. Matan da ke aika ƙananan kaya, keken ɗinki ko katon biyu na sabulu, waɗanda sauran direbobi ke kora, a motarka suke samun lungu.

Ranar Larabar na isa gada ban same ka ba. Na jira har shayina ya huce, na kira wayarka tana ta ringin. Da na kira ɗan kamashon garejin can, sai ya ce motarka ce ta ɗan ba da matsala, in taho a hankali. Ka san ƙa'idarmu: ba a gaya wa mutum mutuwa yana riƙe da sitiyari. Ni ma na sha yi wa wasu irin wannan ƙaryar, amma da aka yi mini ban gane ta ba. Har ina shirya tsiyar da zan yi maka.

Na shiga gareji na ga motarka a tsaye, tamfol a sake, babu wanda ya ja igiyar. Kafin kowa ya buɗe baki na sani. An riga an yi maka sutura, an kai ka maƙabartar da ke bayan sito-siton kaya. Ƙasa kawai na tarar, da ɗanyen sawun mutane.

Ni na dawo da motarka da kayan da ke cikinta, wani direba ya biyo ni da tawa. A hanya na yanke shawara cewa da na sauke su zan miƙa makulli, ko da tabarmar ni kaɗai zan zauna a kanta. Da wannan niyyar na je gidanka gaisuwa. Maiɗakinka, wadda ba ta taɓa taka wancan birni ba, ta sa na kwatanta mata wurin da aka rufe ka: akwai inuwa, ruwa ba ya kwanciya? Na faɗa mata abin da na gani. Sai ta ce, "Yaya, mu dai ba mu san kowa a can ba. Tunda kai kana zuwa, ka riƙa leƙa mana shi."

Na ce to. Ban iya gaya mata abin da na zo da shi ba, kuma washegari na koma layin lodi.

Allah Ya jiƙanka, Ba-Gaggawa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka da duk abokan aikinmu na garejin nan da na can. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsaya wa abin da ka bari. Ni kuma Ya ƙara wa bayana ƙarfi, don jibi zan taso, kuma zan biyo ta wurinka.