Yadda Jikata Ta Koyi Tambayar Uwa

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a Zurmi ba a tashi daga biki ba a ce in ba da labari ba. Shi ya sa da jikata, ɗiyar ɗana na biyu, ta zo daga jami'a ta ce tana digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, na tambaye ta halin wa za ta karanta. Ta ce na matan da suka baro ƙauyukansu suka zauna a unguwarmu. In ba su yi mata magana ba, malaminta ba zai sa hannu ba, karatun ya tashi a banza.

Raina bai kwanta ba. Mutum yana can a ofis, bai san matan nan ba, me zai yi da damuwarsu? Ga takarda wai sai an dangwala yatsa, ga waya a tsakiyar tabarma tana ɗaukar murya. A ƙasarmu yanzu, mai yawan tambaya ana sa masa ido.

Kwana huɗu tana fita, ba ta samo komai ba sai Alhamdu lillahi. Rana ta biyar na bi ta. A gabana, cikin mutane, ta tambayi wata mata daga wajen Badarawa sunan ɗanta na fari da ya rasu, da yadda take ji. Matar ta kau da kai, ta ce a kawo wa baƙi ruwa. A hanya jikata ta gaya mini ta rubuta cewa matar ba ta nuna alhini ba.

Na tsaya cak. "Ke ɗiyar ga, ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari? Ni kin taɓa jin na kira sunan baffanki, ɗana na fari?"

"Kaka, haka takardar ta ce a tambaya."

"To takardar ba ta taɓa haihuwa ba."

Na ce ta bar biro a gida, ta je lokacin surfe, ta karɓi taɓarya. Na ce ta fara faɗa musu inda maganarsu za ta, kuma wadda ta yi shiru a ƙyale ta. Ta buga wa malamin waya, ya ce yarda da baki ma ta isa, ba sai yatsa ba. Saurin amincewarsa ma bai yi mini ba.

Bayan mako uku matar nan ta wajen Badarawa da kanta ta aiko a kira jikata. Tun azahar take magana har la'asar, ba ta kira ɗan nata da komai ba sai "yaron nan".

Kafin jikata ta koma na sa ta fassara mini abin da ta rubuta. Sannan na kai wa maƙwabciyarmu, malamar asibiti, ta sake karanta mini a bayan idonta. Bakinsu ya zo ɗaya, babu sunan kowa a ciki. Sai na ce wa jikata ta kai wa malaminta.