Farin Gizo-gizon Kogon Inna

A ƙauyenmu na gindin dutse, can wajen Tsafe, kakata ba ta yin tatsuniya sai da gyaɗa a wuta. Da an idar da magariba za ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye murhu, tana juya gyaɗar da sakaina tana tsokanarmu. Ni ne mijinta marowaci, wai ban taɓa saya mata ko goro ba. Kowa a garin Inna yake ce mata, har liman.

Tatsuniyar da ta fi so ta wani gizo-gizo ce da ke saƙa wa dabbobi tufafi. Kowa ya sa rigarsa ya tafi kasuwa a yaba, ba mai tambayar wa ya saƙa. Da abin ya ishe shi sai ya shige kogo. Ya ce tunda ba mai kallonsa, launi ba shi da amfani, idanun ma ya mayar wa Mai su. Yana can har yau yana saƙa, fari fat, ba ido.

"Kuma ni na gan shi," haka take rufewa kullum. "Sadda munka shiga ɗibar kashin jemage na taki, can ƙuryar kogon ga na bayan gari."

Da na shiga sakandare a Gusau sai kaina ya kumbura. Na dawo hutu, a gaban jikoki duka na ce mata gizo-gizo ido takwas gare shi, ta daina yi mana ƙarya. Ta yi dariya, ta ƙara mini gyaɗa. Amma ba ta sake yin wannan tatsuniyar ba har ta rasu.

Ilimin ƙwari na karanta a jami'a. Ina neman abin da zan yi bincike a kai, na koma kogon nan, kafin hanyar ta gagari mutane. Na ja ciki har inda warin jemage ke shaƙe mutum, na haska fitila. Ga shi a bango, fari fat, inda ido ya kamata ya kasance a shafe. Nan na zauna cikin takin na yi kuka.

Shekara biyu muna auna ƙafafunsa muna gwada shi da danginsa, har ya tabbata ba a taɓa rubuta irinsa ba. Malamata, wata 'yar Kudu mai haƙuri, ta ce wanda ya gano shi ke raɗa suna, kuma ana iya sa sunan mutum. Na ce na kakata za a sa, ita ta fara ganinsa, kuma gafarar da ban nema ba ke nan. Ta ɗauki biro ta ce in faɗi sunan. Sai a nan na gane ban san sunan yankan Inna ba.

Mahaifina ya rasu. Mahaifiyata suruka ce, ba ta taɓa tambaya ba. Na tafi Nahuce wurin Gwaggo, 'yar Inna guda da ta rage. Ta ce Inna tana yarinya ƙarama aka kawo ta aure daga ruga, dangin miji suka kira ta Amarya, da ta haihu ta koma Inna. Sa'o'inta sun mutu, ƙauyen ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa.

"Ɗiya ta tambayi sunan uwatta?" in ji Gwaggo. "Ba a yi, ɗana. Kai ne jika, kai ad da bakin tambaya."

Gaskiyarta. Duk gidan mu jikoki kaɗai kunya ba ta ɗaure ba, da na tambaya cikin wasa da ta faɗa mini. Da ina ɗauka tatsuniyar kan gizo-gizo take. Sai yanzu na gane wadda ta ciyar da gida guda shekara sittin ba a san sunanta ba ce ke ba da ita. A ƙarshe sunan dutsen muka sa masa, kuma ni na rubuta da hannuna.