Lanho da haraji

Yayana yana karatun mastar, digiri na biyu, a Yamai, fannin lanho, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa wajen jama'a, abin da suke ce ma fiskalite. Ni a lise na tsaya, ƙarshen sakandare, ina gida Buza ina jiran in sake zaman jarrabawar bak. Da hutu ya zo da aikin da malaminsu ya ba su: kowa ya shiga kasuwar ƙauye ya ji daga bakin mutane yadda suke biya. Ya ce in raka shi, don mata ba za su saki jiki da namiji ba.

A mota ya yi ta koya mini. Wai akwai lanhon da ake karɓa a hannu, akwai wanda ke ɓoye cikin kuɗin sukari da sabulu. Na ce, "Ashe Inna ma tana biya ba ta sani ba?"

Ya ce, "Har ke, Madam Bak, duk ranar da kika sa kati a salula."

Kasuwar tana kudu da Madawa, kusa da iyaka. Ni na tsaya wajen masu nono, shi ya wuce wajen bisashe. Ina hango shi ya durƙusa ya gaida wani tsoho makiyayi, salula a hannu don ya ɗauki murya. Na ji ya ce, "Baba, shanun nan naka ne duka? Wa kake ba haraji?"

A wajen nan, na gwamnati lanho ake ce masa. Haraji yanzu sunan abin da masu bindiga ke aza ma gari ne, kuma sukan turo mutum ya duba garke kafin su zo. Yayana bai zauna gida ba tun da abin ya soma, Hausarsa ta zama ta rediyo.

Tsohon ya miƙe tsaye. Wani ya ce, "Ɗan aikensu ne! Ga shi yana ɗaukar hoto!" Kafin in aje ƙwaryar da ke hannuna an kewaye shi da sanduna. Tsoro ya sa ya koma Faransanci, abin ya ƙara ɓaci. Na ji ƙarar sanda a kafaɗarsa.

Ban san yadda na kutsa ba. Ina ta ihu, "Lanho yake nufi! Wallahi lanho! Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, aikin lakwal ne, malaminsu ya aiko shi!"

Wani dillali ya ɗaga hannu. "Ke ɗiyar wa ce?"

Na faɗi sunan Baba, da na kakanmu, da unguwarmu. Ya ce, "Mai jan jakin nan da ba ya son hawan dutsi?" Na ce shi. Wasu suka yi dariya, sanduna suka sauka. Tsohon bai yi dariya ba. Ya dubi yayana ya ce, "Yaro, ɗana yana hannunsu kan wannan kalma."

Muka koma Buza. Nakan yi tunanin mutanen nan, ba mugaye ba ne. Da a garinmu baƙo ya yi wannan tambaya, ban san ko Baba zai bar sandarsa a jingine ba. Duk da haka, in na ji hayaniya a kasuwa, ko ta masu rigimar canji ce, sai in nemi hanyar fita.

Aikin bai ƙare ba, kuma in bai kai shi ba, shekarar ta tafi. Da kafaɗar ta yi sauƙi ya same ni ina tankaɗe, ya ce zai koma wata kasuwa, shi kaɗai, kada in damu. Na aje rariya.

Na ce, "Yaya, tare za mu. Amma ni zan yi tambaya, kai ka riƙe salula ka yi shiru."