Ƙusoshin da Na Buga wa Wayar Surukina

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi, har da masu karantawa a tsaye a gaban mai jarida ba tare da sun saya ba. Ka buga wannan yadda na aiko shi. Kada yaranka 'yan boko su sa mini hannu a ciki, domin raina a ɓace yake, kuma ina so ya fito a ɓacen.

Lokacin da abin ya faru, ni ne mai kula da wuta a wani asibiti mai zaman kansa da ke ɓangaren Federal Low-Cost a nan Gombe. Bokona bai wuce tsakiyar firamare ba, daga nan aka miƙa mini filaya da tasta ta gwada wuta aka ce ga makaranta nan. Amma duk unguwar Shamaki an san hannuna. Idan na ja waya a bango sai ka rantse da rula aka zana ta. Ba na barin waya ta yi lilo, ba na barin ta yi tumbi, idan kuma aka zo kwana sai na lanƙwasa ta ta tsaya cak kamar kusurwar bulo, in bi ta da kilif da ƙusa. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, tunda ba ni da mota.

Ina da suruki, mijin 'yata ta fari, Bafulatani ɗan asalin garin nan, ya yi karatun kwamfuta mai zurfi. Kunya gare shi irin wadda take sa wa mutum ciwon kai. Tun da ya auri 'yata bai taɓa shan ruwa a gabana ba, ban kuma san launin ƙwayar idonsa ba. In ya hango ni a titi sai ya sauka daga mashin, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ko da a taɓo ne. A da ina yawo da wannan a majalisa, ina cewa Allah ya ba ni surukin da babu irinsa. Aiki ne kawai ya yi masa ƙaranci a Gombe, har ya fara maganar kwashe iyali ya koma Abuja. Ni kuwa jikokina su ne shayina na safe, ba na son jin wannan magana ko a mafarki.

Ana nan sai mai asibitin, wani babban likita, ya sayo wani akwatin ƙarfe daga waje, domin bayanan marasa lafiya da hotunan gwaji sun cika tsohuwar kwamfuta har tana nishi. Aka ba surukina aikin haɗa shi, da alkawarin in ya yi kyau shi zai riƙa kula da duk kwamfutocin asibitin. Ma'ana dai zai zauna a Gombe, jikokina su zauna. Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne manaja, wani mai tumbi da siririyar murya, wanda ya so a ba ƙaninsa aikin. Wannan mutumi ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba aljihunka.

Makullin ɗakin na'urorin a hannuna yake, don haka kullum ina nan. Akwatin cike yake da faifan ajiya, kowanne a aljihunsa kamar durowa. Surukina ya yi mini bayani, kansa a ƙasa, kamar da siminti yake magana. Ya ce yana haɗa faifan ne su zama ƙungiya, ana rubuta abu a rarrabe a cikinsu yadda ko ɗaya ya mutu sauran za su riƙe abin da ke kansa. Daga nan ya yanka wurin kashi-kashi, na ɗakin kati daban, na ɗakin gwaji daban, ya gaya wa akwatin cewa babbar kwamfutar nan da suke kira saba ita kaɗai aka yarda ta gan su. Ya ce akwatin ƙwaƙwalwa biyu gare shi, kuma wayoyi biyu ne suke tafiya daga jikinsa zuwa sabar, kowace daga ƙwaƙwalwarta, domin in ɗaya ta katse ɗayar ta ci gaba da ɗaukar kaya babu wanda zai sani. Na ce masa wannan ai dabarar mai kaza ce da ba ya zuba ƙwai a kwando ɗaya, babu wani sabon ilimi a ciki. Ya ce haka ne, Baba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wayoyin nan biyu. Sirara ne, masu launin ruwan lemo, ya bar su sun yi zobe-zobe, suna rataye tsakanin akwatin da sabar kamar igiyar shanya ta gidan gwauro. Na ce masa, kai, haka ake aiki a jami'a? Ya ce a yi haƙuri, Baba. Na ce mutane za su shigo su ce surukin wane ne ya yi wannan ƙazanta. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba. To ka ji fa. Bai ce mini kada in taɓa ba, bai ce mini akwai dalili ba. Washegari na dawo na tarar da su yadda suke, akwatin ya fara aiki, duk asibiti ya hau kansa.

Ranar Lahadi da safe na shigo duba janareta, na leƙa ɗakin, zuciyata ta ƙi. Na ce bari in rufa wa yaron nan asiri kafin ranar miƙa aiki. Ban cire komai ba, ni ba mahaukaci ba ne. Jan rarar wayoyin biyu kawai na yi, na naɗe ta tamau na ɗaure, sauran na bi da ita jikin bango, na karya ta a kwana yadda na saba, na jera mata ƙusoshi. Da na gama na ja da baya na duba, wallahi ko a Makka sai haka. Na leƙa ɗakin kati na tambaya ko kwamfuta tana aiki, suka ce lafiya lau. Wata 'yar fitila dai a bayan akwatin ta bar kore ta koma ruwan ɗorawa, na ɗauka ado ne.

Litinin surukina ya shigo ya gani. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon nan, ya dubi fitilar, sannan ya durƙusa ya ce sannu da aiki, Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce maganar da har gobe ban yafe ba. Na tambaye shi fitilar fa, ya ce ƙaramin abu ne, zai duba. Ni kuma don kada masu shara su ɓata mini aiki, sai na kawo benci na zauna a bakin ƙofa ina gadi. Ashe shi yana neman in gusa ne ya san abin yi, ashe har ya aika Legas a ɓoye a kawo masa sababbin wayoyi, domin babu irinsu a kasuwar Gombe. Ya roƙi manaja a ɗaga ranar miƙa aiki, wai akwai ɗan abin da ya rage. Manaja da ya shaƙi ƙamshin matsala sai ya ce ko da awa ɗaya ba za a ɗaga ba, Likita zai yi tafiya.

Ranar ta zo, da hantsi, asibiti cike da jama'a. Likita ya shigo da manaja da manyan ma'aikata. Surukina yana bayani murya ƙasa-ƙasa, ni kuwa na ga yana neman ya yi wa kansa asara, sai na karɓe zancen. Na ce ranka ya daɗe, wannan akwati ko an cire masa waya ɗaya ba ya ko tari, a gwada a gani. Manaja ya yi tsalle ya ce lallai a gwada. Surukina ya miƙa hannu a hankali wajen wayar da ke kusa da fitilar nan mai ruwan ɗorawa. Na buge hannun. Na ce kai, ba ka da ta ido? Mai dukiya yana tsaye za ka riga shi? Likita ya yi dariya, ya zaɓi wadda fitilarta take ƙyaftawa da kore, ya zare.

Malam Edita, nan take komai ya tsaya. Kafin a ce wani abu, sai ga mai ba da kati a guje, ga na ɗakin magani, ga na ɗakin gwaji, kowa yana cewa kwamfuta ta daskare. Aka mayar da wayar, amma abin da ake cikin rubutawa ya riga ya dagule. Sakamakon gwajin mutanen da aka ɗebi jininsu da safen nan ya bi iska, sai da aka sake tsira musu allura. Wata tsohuwa ta tsaya a tsakar asibiti tana tsine wa duk mai hannu a ciki har jikokinsa, ni ina cewa amin. Likita ya juyo ya tambayi wa ya yi wannan haɗi. Surukina ya ce shi ne. Aka sake tambaya ko wani ya taɓa, ya ce babu wanda ya taɓa. Manaja ya ce dama ya faɗa, ba a ba ɗan koyo aikin manya. Ni kuma, don a san ba na goyon bayan ɓarna ko ta ɗan gida ce, na wanke shi tas a gaban jama'a. Na ce ya kunyata ni, na ce ni na gyara masa waya ma amma bai iya nasa ɓangaren ba, a cikin hayaniyar babu wanda ya kula da maganar. Yana durƙushe yana cewa a yi haƙuri. A ranar aka karɓe aikin.

Ƙanin manajan da aka ba aikin ya zo ya zagaya akwatin kamar mai ɗawafi, ya kasa, sai aka ɗauko wani injiniya daga Kano. Wannan ba shi da kunya ko ta sisin kwabo, kuma bai san ni ba. Yana shiga ɗakin ya dubi bango ya yi salati, ya ce wane jakin ne ya buga wa wannan waya ƙusa? Ya ce ai ba tagulla ce a ciki ba, gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ne yake bi ta ciki, in ka karya ta a kwana ka kashe ta. Ya ce ɗaya ta mutu tun ranar da aka buga, ɗayar ma Allah ne ya raya ta, ita kaɗai take ɗauke da asibitin. Ya juyo ya ce mini, Baba tsoho, kai da kake riƙe da makulli, ba ka ga dabbar da ta yi wannan ba? Na ce masa ina jin na taɓa ganinta. Na fita na zauna a bayan janareta, inda ƙara ba za ta bari a ji abin da nake faɗa wa kaina ba.

Da la'asar na wuce gidan surukina a unguwar Kagarawal, ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce kai, ka san gilashi ne? Ya ce ya sani. Na ce ka san ni na kashe ta? Ya durƙusa, kansa a ƙasa. Na ce bakinka ciwo yake yi da ba za ka ce Baba ka yi ɓarna ba? Ya ce shi bai isa ba, haka Allah ya ƙaddara. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce masa wannan ba ladabi ba ne, mugunta ce da hula. Ka bar tsoho ya yi gadin kashinsa a kan benci, ka bar shi ya yi maka faɗa a gaban duniya, duk kana sane. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Washegari na sami Likita na zazzage masa komai, na ce ni za a kora, a mayar da yaro. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ni jahilci ne ya sa ni, kuma jahilci ana yafe shi. Amma injiniyan da zai ga hanya ɗaya ta mutu ya yi shiru saboda kunyar suruki, alhali rayukan mutane suna kai, ba zai sake ba shi ko da rediyo ya gyara ba.  Manaja kuwa ya riga ya yaɗa labari, duk wani ofis a Gombe ya ji cewa surukina ya kashe asibiti. Damina ba ta ƙare ba shi da iyalinsa suka ɗaure kaya sai Abuja.

A tasha, jikokina suna cikin mota suna ɗaga mini hannu, na ja 'yata gefe na ce mata mijinki ne ya jawo mana wannan da shirunsa na banza. Ita ba Bafulatana ba ce, jinina ce, ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, Baba, tsakaninka da Allah, da ya ce maka kada ka taɓa, da ka bari? Na buɗe baki, direba ya tayar da mota.

Amsar da ban ba ta ba ita ce a'a. Da na ce masa yaushe aka haife shi, da na ƙara ƙusa biyu don ya san ni ne babba. Duk da haka ban sauke masa nasa kason ba, kuma ba zan sauke ba. Don haka ina gargaɗin samari masu ilimin na'ura: in tsoho ya taɓa muku aiki, ku faɗa masa a take, ko surukinku ne, ko zai yi fushi ya ƙi amsa gaisuwarku shekara guda. Fushin tsoho yana wucewa, ni shaida ne. Ku kuma 'yan uwana tsofaffi masu guduma, in kuka ga yaro ya bar abu a karkace, kuka yi magana ya ce muku to kawai, kada ku ɗauka kun yi nasara. Ku nemi wanda ba ya jin kunyarku ku tambaye shi tukuna. Ni ban tambaya ba, ga shi yanzu ina ganin jikokina Sallah zuwa Sallah, ƙaramin ma in na miƙa hannu sai ya ɓuya a bayan uwarsa.